Ƙarfen Sa'adiyya Ba Zai Shiga Tukunya Ba

Bana shekara bakwai da aka fita da Sa'adiyya daga gidan nan namu na unguwar Mayo, tsallaken kogi daga birnin Omdurman, aka kai ta makwancinta, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Shekara bakwai kuma ke nan ana yi mini tambaya ɗaya, wasu a gabana, wasu a bayan idona: yaushe za a zuba tukunyarta? Ni ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa, na kuma ce a rubuta yadda ya fito daga bakina. Amsar da na ba ɗana, na ba limamin unguwa, ita zan ba duk wanda ya karanta wannan. Ba za a narka ƙarfen Sa'adiyya ba.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce wace tukunya. To, ku saurara. Mu masu zubin tukwane ne. Kakan mai gidana ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya iso bakin kogin nan guzuri ya ƙare, ya zauna yana ƙira, har Allah Ya karɓi abinsa bai ƙarasa ba. 'Ya'yansa suka koma zubin almoniya, wanda 'yan'uwanmu na yamma ke kira sanholo. A tara tsofaffin kwanuka da gwangwanaye da tarkacen injin mota, a narka, a zuba cikin yashi, a fito da tukunya. Kuma muna da al'ada a gidan: in mai zubi ya rasu, duk ƙarfen da ya bari bai gama aiki da shi ba, tattarawa ake yi a narka, a ƙara da wani, a zuba babbar tukunya guda a ba unguwa. Da ita za a dafa abincin suna, da ita na biki, da ita na zaman makoki, ladan yana isa ga mamaci har kabarinsa. Ba a barin ƙarfen mamaci ya wuce arba'in a gida. Haka aka yi wa surukina, haka aka yi wa mai gidana. Tasa ma har suna gare ta a unguwa, tukunyar Malam.

Sa'adiyya ita ce autata. Mace ba ta zubi a gidanmu, amma ba a hana ta kallo. Tun tana 'yar mitsitsiya take tsugunawa kusa da zuga-zugi tana damun babanta da tambaya: me ya sa wannan tukunyar in an ƙwanƙwasa take amsawa, waccan kuwa ta yi gum? Me ya sa wata ke tsagewa tun ba a ɗora ta a murhu ba? Da ya gaji sai ya ce, je ki makaranta ki tambayo su. Ta je, ba ta kuma tsaya ba sai da aka kira ta Dakta, tana koyar da ilimin ƙarafa a jami'a. Ku da kuke Kano ko Zinder ba lallai ku san nauyin wannan ba. A nan Fallata ake ce mana, mu da duk wanda kakanninsa suka fito daga yamma, kuma akwai masu ganin 'yar Fallata ta Mayo iyakarta tallan gyaɗa da sayar da shayi. Sa'adiyya kan shiga hafila, wato bas, da jakar littattafai, wayarta ta yi ƙara, ta amsa da Hausa da ƙarfi, kowa ya juyo. Ba ta taɓa rage murya ba.

Ran nan, babanta na da rai, ta zo gida da wani ɗan ƙarfe bai fi ƙwallon dabino ba. Ta ce almoniya ne aka aurar da shi da wani ƙarfe mai suna kobalt. Ta ce wuta ba ta saurin sa shi laushi, tsatsa ba ta cin sa, irinsa ake nema a cikin injunan da zafinsu ke lalata sauran ƙarafa. Aibinsa ɗaya ne, gautsi. Malam ya juya shi a tafin hannu, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya ɗan taɓa shi da guduma. Ya watse kamar finjalin gahawa.

Ya ce, "Duk shekarun nan da kika yi a jami'a, gilashi kika koyo ƙerawa?"

Ta ce, "Baba, ai shi ya sa nake can. In da ba ya fashewa da tuni na dawo ina hura maka zuga-zugi."

Ya yi dariya har da tari. Amma na gan shi daga baya yana tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, yana duba bakin karayar a hasken rana.

Ni kuwa a bakin murhu na koyi abin da na koya. Ina yin kisra, siririyar wainar dawar nan tamu, tana zaune a kan tabarma tana yi mini bayani, yau kaɗan, gobe kaɗan, shekara da shekaru. Ta ce in ka duba ƙarfe ta madubin nan mai girmama abu, ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne manne da juna kamar tubalin gini. Shi wannan tubalinsa masu tauri ne ƙwarai, amma babu laka a tsakaninsu, tsaga in ta samu hanya sai ta bi layi ta wuce babu mai tare ta. Aikinta shi ne ta sa ƙarfen ya haifi lakarsa da kansa. Sai ta ƙara masa kobalt. Sai a murza shi tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa yana ja zur, don ƙwayoyin su ƙanƙance. Sai a rufe shi cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, a sa a tanda kwana da kwanaki, zafin bai hawa, bai sauka. In an fito da shi, wani a tsoma shi a ruwa nan take, wani a bar shi ya huce a hankali. A cikin wannan zaman na tanda ne wani abu mai danƙo ke tsirowa tsakanin ƙwayoyin. In ya yi yawa, ƙarfen ya rasa juriyarsa ta wuta. In ya yi kaɗan, ya fashe kamar da. Tsakanin nan take nema.

Babban abokin gabanta wutar lantarki ce. Tanda na tsakiyar aiki a ɗauke wuta, zafi ya sauka, duk abin da ke ciki ya tashi a banza, sai an sake daga farko. In na ga ta shigo ta ajiye jaka, ta wuce randa ta sha ruwa a tsaye, na san an ɗauke. Washegari kuma da sassafe tana bakin titi tana jiran hafila.

Ciwon ƙoda ne ya ci ta. Kafin kwanciyarta ta ƙarshe a asibiti ta kawo gwangwanin madara cike da ƙananan ƙarafan nan, kowanne naɗe a ƙyalle, kowanne da lamba da aka buga a jikinsa. Ana gyaran rufin ɗakin gwajinsu a lokacin, ba ta yarda ta bar su cikin ƙura da hannuwan magina ba. Ta nuna mini waɗanda ke sama, ta ce su ne suka fito daga tanda a ƙarshe, wuta ba ta ɗauke musu ba ko sau ɗaya, kuma ba ta samu ta yanka ta duba su ba. Ta ce, "Inna, ajiye mini, in na fito zan gani." Ba ta fito ba.

Ranar arba'in ɗana na fari ya shigo ɗakina da faranti. Ba na kama sunansa, a gida Abba ake ce masa, shi ke riƙe da maƙerar tun rasuwar babansu. Kada wani ya ɗauke shi mugu. Shi ya goya Sa'adiyya a wuya, da zufarsa ta yi karatu, kuma shi ya shiga kabarinta ya karɓe ta. Ya ce duk da mace ce, mai ƙarfe ce, ba zai yarda a ce ba ta da tukunya ba. Na ce masa amana aka ba ni, mai ita ba ta ce a narka ba.

Ya ce, "Inna, mai ita ba za ta dawo ba."

Na ce, "Na sani. Ni na rufe mata ido."

Ya ɗauki farantinsa ya fita. Na aika jami'a ko da mai karɓa. Aka ce ɗalibar da ke aiki tare da ita, Ihlas, 'yar Omdurman, ta tafi ƙarin karatu waje, sauran kuma kowa da abin da yake bincike. Na tura gwangwanin ƙarƙashin gado. Duk shekara Abba ya tada maganar, duk shekara in ce a'a.

Ana nan, ana nan, sai yaƙi ya zo. Ba zan ba ku labarinsa ba, kun ji shi, mu mun gan shi. Da zama ya gagara muka fita da jikoki zuwa wajen dangi a garin Gadarif. Kowa ya ɗauki abin da zai iya. Ni na bar zannuwana na ɗauki gwangwanin. A hanya masu bindiga suka tsayar da motar, suka sauke mu, ɗaya ya ji nauyin ƙunshina ya zazzage shi. Da ya ga ƙarafa masu sheƙi idonsa ya buɗe, ya zaci azurfa ce. Na ce masa ba azurfa ba ce, aikin 'yata ne. Ya ce, "Ya Hajja, kowa a motar nan da aikin 'yarsa." Ya ɗauki guda daga na ƙasa, na farkon aikinta, ya maka shi a kan kwalta don ya ji ƙararsa. Ya tarwatse. Abokansa suka tuntsire da dariya, suka ce tsohuwa ta haukace, kwalba take gudu da ita. Ya shure gwangwanin ya ce in kwashe sharata. Na durƙusa a kan kwalta mai zafi na tattara su, har gutsattsarin, na naɗe kowanne a ƙyallensa, direba na ta yi mini magiya. Ban tashi ba sai da na gama.

Da muka dawo Mayo mun tarar da gida babu ƙofa, babu gado, babu ko ludayi. Tukunyar Malam ta tafi, ta surukina ta tafi. A bakin masallaci an kafa takiyya, inda ake dafa wa unguwa abinci a raba, kuma a rabin ganga ake dafawa, abincin yana warin mai. Abba ya sake hura wutar maƙera da tarkacen da ya tsinto, ya ce abin da zai fara zubawa babbar tukunya ce don takiyya, kuma da sunan Sa'adiyya. Wannan karon bai zo shi kaɗai ba, da liman ya zo.

Liman mutum ne mai hankali, ban raina shi ba. Ya ce, Hajja, ga yara nan da kwano a layi, ga mamaciya tana jiran lada, ga ƙarfe a ɗaki ba ya amfanin kowa. Na ce, Malam, ai kai ka karantar da mu cewa ilimin da mutane ke amfana da shi yana bin mai shi kabari. Ya ce haka ne, amma wa ya amfana da wannan? Na ce ba a gama ba tukuna. Ya ce shekara bakwai? Na ce ko saba'in.

Sai na juya ga Abba na tambaye shi a gaban liman, ƙarfen nan in an haɗa duka zai cika ludayi biyu? Ya ce a'a. Na ce wutar maƙerarka za ta narka shi? Ya ce mai yiwuwa ba za ta narka ba, amma ya shiga wutar, a ce ya shiga, a ce an yi mata abin da aka yi wa babanta. Idonsa ya kawo ruwa. Nawa ma ya kawo. Na ce masa zuba tukunyarka, ka sa mata sunan da kake so, Allah Ya san niyyarka. Amma wannan ba ragowar aiki ba ne. Babanka in ya bar ƙarfe, ƙarfe ne kawai, kowane mai zubi zai iya ci gaba da shi. Ita kuwa abin da take nema yana cikin ƙarafan nan, kwanakin tandar suna ciki, in suka shiga wuta ya goge, kuma babu tandar da za a sake yin su a garin nan yau.

Tun daga ranar maganar ta fita unguwa. Ina tsintar adas, ɗan ƙaramin waken miya, a takiyya ina jin ta a bayana: uwa ce ke hana 'yarta lada. Wata ma, sa'ata ce, tare muka yi tallan gyaɗa a unguwar Alsahafa muna 'yan mata, ta ce mini ido da ido, "Ke dai boko ya shige ki ta bayan gida, ba ki iya alif ba kin zama Dakta." Na ce mata, "Alif ɗin da kika iya me ya dafa miki?" Muka ci gaba da tsinta. Ba ta daina gaishe ni ba, ba ta kuma daina faɗa ba.

Nakan zauna in tambayi kaina, da Sa'adiyya za ta leƙo yau, me za ta ce? Za ta ga ɗakin gwajinta babu rufi, an farfasa tandar don a zare wayoyin jan ƙarfe. Za ta ga amalanke cike da ƙofofin mutane ana kai wa masu awon tarkace. Duk garin ya koma abin narkawa. Na san za ta yi kuka, na san kuma za ta naɗe hannun riga ta shiga takiyya, don ba ta iya ganin yaro da yunwa. Wata rana har nakan ji kamar za ta ce, Inna, ba Yaya abinsa ku zauna lafiya. Tana da wannan taushin. Amma sai in tuna matar da ake ɗauke wa wuta ta koma da sassafe, ta koma, ta koma. Wadda ta yi haka ba don tukunya ta yi ba. Kuma a garin da kowa ke narka abin da ya samu don ya ci yau, dole a samu mutum ɗaya da zai ce wannan kam a'a, na gobe ne. In babu kowa sai tsohuwa, to tsohuwar ta isa.

Watan jiya labari ya iso ni cewa Ihlas ta dawo, tana koyarwa a wasu ɗakuna da aka ara musu a wata makarantar sana'a a Omdurman. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗaura gwangwanin a cikin mayafi, na hau raksha, keke mai ƙafa uku, zuwa tasha, na shiga hafila, na sake wata, muka haye gada. Na tarar da ita tana share allo. Da na faɗi ko ni wace ce sai ta rungume ni tana kuka, tana cewa Haboba, Haboba, wato kaka. Da ta kwance ƙyallayen ta ga lambobin sai ta zauna a ƙasa. Ta gane su. Tare da Sa'adiyya suka rufe wasu a kwalba.

Ba ta yaudare ni ba, kuma saboda haka na yarda da ita. Ta ce ba su da tanda, ba su da madubin, injin gwajin ƙarfi an sace shi, ba ta san ranar da za su samu wani ba. Sannan ta ce akwai abin da ya kamata in sani kafin in saki. Ta ce, "Haboba, ba ajiye su zan yi ba. In kayan aiki suka samu yanka su zan yi, in goge, in lanƙwasa su har sai sun karye. Ba wanda zai dawo miki yadda kika kawo shi. Kuma mai yiwuwa na ƙarshen ma su fashe kamar na farko."

Na ce, to in sun fashe fa?

Ta ce, "Sai mu san wannan hanyar ba ta ɓulle ba, mu rubuta da sunanta, wanda zai zo bayanmu kada ya ɓata shekarunsa a kai. Wannan ma aiki ne."

Na daɗe ina duban gwangwanin. Na goya shi ya fi yadda na goya wasu jikokina. Sannan na tura mata shi, na ce da sharaɗi ɗaya: ranar da za a yanka na farko a kira ni, in zauna in gani. In na riga na mutu a kira Abba, ko yana fushi zai zo, mai ƙarfe ne. Kuma duk abin da ya faru a faɗa mana gaskiya, kada a ce ya lanƙwasu don a faranta mana.

Abba ya zuba tukunyarsa, ta yi kyau, yara na ci daga cikinta, ina yi masa addu'a. Bai sa mata suna ba. Yana gaishe ni da safe daga bakin ƙofa, bai cika shigowa ba. Na san abin da na saya da abin da na biya, ban kuma yi nadama ba.

Me ya rage na Sa'adiyya bayan shekara bakwai? Ba ta bar gida ba, ba ta bar tukunya ba, ko cokali ba a ƙera da ƙarfenta ba. Ta bar tambaya guda da ba ta samu amsarta ba, tana nan da rai a Omdurman, a hannun wadda ta iya yin ta. Masu cewa na hana ta lada, Allah ne mai awo, ba su ba, ba ni ba. Ni dai abin da na sani, ƙarfen 'yata ko zai karye, a hannun wanda zai san dalilin karyewarsa zai karye.

Allah Ya jiƙan Sa'adiyya, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ni ran ganin ranar yankan.